Shekarun Mudi da Sunan Jikansa

Tunda sun ce na'urar ɗaukar yatsa ta sake tsayawa, kuma babu mai barin bencin nan sai an tantance cewa yana da rai kafin a biya shi fansho, ku matso in ba ku wata magana da ta fi ƙarfina. Malam Barau, kashe rediyon nan, labaran ba za su gudu ba. Hukunci nake nema a wurinku, ba tausayi ba. Akwai rago ɗaure a ƙofar wani gida, jibi da safe za a yanka shi, kuma har yanzu kakan jaririn bai san sunan da zai raɗa wa liman ba.

Kakan nan maƙwabcina ne. Sunansa Mahmudu, amma duk gari Mudi Mai Inji ake ce masa, don shekara talatin da biyar ya yi a gidan ruwa yana tsaron injin da ke tura ruwa zuwa tanki. A kwatas ya yi zamansa, ɗaki biyu a bayan injin, har 'ya'yansa idan sun je ƙauye ba sa iya barci saboda babu ƙara. Ku kuwa kun san halin kwatas. Ranar da ka ajiye aiki, ranar ka zama baƙo, wata uku ake ba ka ka kwashe komatsanka. Mudi yana da fili a bakin gari, ya ɗaga gini har linta, daga nan ƙarfinsa ya ƙare. Shekara bakwai kangon yana tsaye, awakin unguwa suna shan inuwa a ciki. Duk fatansa yana kan kason da za a ba shi a dunƙule daga kuɗin fanshonsa ranar ritaya. Idan kason ya kai, ya yi rufi, ya sa ƙofofi, ya shiga da iyalinsa. Idan bai kai ba, sai gidan haya, ga furfura, ga mata, ga 'ya'ya biyar.

Kamfanin da ke riƙe masa kuɗin yana da asusu biyu. Na farko na masu jini a jika ne. Ana zuba kaso mai yawa a hannun jari, wata shekara ya yi tsalle, wata shekara ya faɗi, kuma babu laifi, don mai shekara ashirin a gabansa yana da lokacin jira ya tashi. Na biyu na waɗanda suka hango ƙofar fita ne. Yawancinsa rance ake ba gwamnati, yana tafiya kamar tsohon jaki, ba ya burge kowa, ba ya kuma kayar da mai shi. Ka'idar wannan kamfani ita ce, ranar da takarda ta nuna ka cika hamsin, su da kansu suke mayar da kai na biyun. Kafin hamsin kuwa, ko durƙusawa ka yi ba za su saurare ka ba.

Takardar Mudi ƙarya take yi, kuma ba shi ya shirya ƙaryar ba. Wasunku a bencin nan haka aka yi musu, ba sai kun sunkuyar da kai ba. Shekarar da aka zo ɗibar yara makaranta a ƙauyensu, hedimasta bai tambayi kowa ranar haihuwa ba. Jera su ya yi, ya ce kowa ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. Wanda bai kamo ba ya koma wurin uwarsa. Wanda ya kamo, shekararsa shida, ko da gemu ya fara fito masa. Mudi yana da goma sha ɗaya a lokacin, sai dai ɗan tsurut ne, aka rubuta masa shida. Shekara biyar suka ɓace a rana ɗaya, babu wanda ya je cigiyarsu. To da ya rage masa shekara biyu ya cika wa'adin aiki, takarda cewa take arba'in da takwas yake, kamfani yana yi masa kallon saurayi. Kuɗin rufinsa suna can a asusun masu tsalle, kuma a can za su zauna har ranar da zai fita. Shi bai ma san akwai asusu biyu ba. Takardar da ake aiko masa duk wata uku, lambar ƙasa kawai yake leƙawa, ya ce alhamdulillahi, ya yi fifita da ita.

Aminai uku yake da su, kuma a kansu nake so ku yi min hukunci.

Na farko Ƙasimu, wanda ya koya masa inji, a lokacin shekararsa huɗu da yin ritaya. Mutum ne mai son girma, kullum rigarsa ta sha guga, kuma kowa ya san ya sayi gida a wata unguwa can nesa, inda bai taɓa gayyatar kowa ba. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya biyo ta kwatas, ya ga takardar kamfani a kan benci an ɗora mata kofin shayi. Ya ɗauka ya karanta tun daga sama, fuskarsa ta sauya. Ya yi wa Mudi bayanin asusu biyun nan dalla-dalla. Mudi ya yi dariya ya ce, "Yaya Ƙasimu, kuɗin da ke ƙaruwa ne kake so in tsorata da su?" Ƙasimu ya dawo mako na biyu, ya dawo na uku, magana ta ƙi shiga. A na huɗu bai ko zauna ba, ya ce, "Tada babur ɗinka, mu je ka ga gidana."

Gidan ba nasa ba ne, na mijin 'yarsa ne. Ɗaki guda aka ba shi a zaure, kusa da inda ake jingine kekuna, matarsa kuma tana ciki wurin 'yarta. Ku da kuka san nauyin suruki kun san abin da nake faɗi. Dattijo yana cin tuwon surukinsa, yana riga shi fita da safe don kada su yi kiciɓis a ƙofa. A nan ya gaya wa Mudi gaskiya. Shi kamfani ya mayar da shi asusu na biyu, asusun natsuwa, a kan lokaci, amma da ya ga na wasu yana kumbura, da ƙafarsa ya je ya sa hannu aka mayar da shi baya. Shekarar da zai fita kasuwa ta karye, kason da ya samu bai kai kuɗin ɗaki biyu ba. Ya ce, "Shekara huɗu ina ɓoye wannan. Yau ka gani da idonka. Ka faɗa wa wanda ka ga dama, in dai kai za ka ji." Mudi matarsa kaɗai ya faɗa wa, ita kuma ƙanwarta kaɗai ta faɗa wa, kafin wata guda duk gari ya sani. Ƙasimu ya daina zuwa majalisa, ya daina tsayawa sahun gaba. Girman nan da ya yi shekaru yana tattali, a yini ɗaya ya zubar da shi don abokinsa ya farka, kuma ya farka. Sai dai kada ku manta, shekara huɗun da ya yi shiru, mutum nawa suka bi ta ƙofar nan ba tare da ya ce musu uffan ba?

Mudi ya garzaya kamfani, aka ce masa takarda ta ce arba'in da takwas. Idan yana da ja, ya kawo rubutacciyar shaida ta tun can, da mutumin da zai yi rantsuwa a kotu. Iyayensa sun rasu, asibiti kuwa ba a taɓa jin sunansa ba a ƙauyensu lokacin da aka haife shi.

A nan na biyu ya shigo, Ɗahiru, ɗan limamin ƙauyen. Mako ɗaya aka haife su, tare aka yi musu kaciya, layi ɗaya suka tsaya gaban hedimasta suka kamo kunne. Shi ma a gidan ruwan yake, yana kula da sito, sai dai shi ya daɗe yana noma kafin ya shiga aiki, don haka cikar shekara sittin ce za ta sallame shi, kuma takardarsa ta ba shi saura goma sha biyu. Mahaifinsa yana da wata al'ada: duk jaririn da ya raɗa wa suna, sai ya rubuta shi da ajami a gefen littafi, da rana da wata da shekara. Ɗahiru ya ɗauki hutu ya tafi ƙauye, ya buɗe adakar da ba a taɓa ba tun rasuwar tsohon. Gara ta yi ɓarna sosai. Kwana huɗu yana juya ganye ɗaya bayan ɗaya, yana atishawa, har ya iske shafin. Ga shi nan: Mahmudu ɗan Sallau, ranar Laraba. A ƙarƙashinsa kuma, manne da shi, wutsiyoyin haruffan wannan suna shiga cikin na wancan yadda babu almakashin da zai raba su: Ɗahiru, ɗana, ranar Asabar, Allah ya raya shi bisa gaskiya.

Ku tsaya ku duba inda ya tsaya. Idan ya kawo shafin nan, ta ofishinsu zai bi, kuma mai karanta layi na sama zai karanta na ƙasa. Shekara biyar na albashi za su tafi, ga autansa ko firamare bai gama ba. Idan ya ce gara ta cinye, babu mahalukin da zai ƙaryata shi, don gara ta ci na gaba, ta ci na baya. Yini guda ya yi zaune da littafin a cinya. Washegari ya naɗe shi a rawanin mahaifinsa ya kawo, ya tsaya a kotu ya ce Mudi sa'ansa ne, kwana uku kacal Mudi ya ba shi. Aka gyara takardar Mudi, aka gyara tasa. Matarsa ta yi mako ba ta ce masa sannu da zuwa ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Da na tambaye shi, abin da ya ce kawai, "Rubutun Baba ne. Ba zan ce gara ta ci ba alhali ba ta ci ba." Kamfani ya mayar da kuɗin Mudi asusun natsuwa a watan. Wani zai ce ai shekarun da Ɗahiru ya rasa dama ba nasa ba ne, na hedimasta ne, mayarwa ya yi. Haka ne. Amma ku nuna min mutum ɗaya a bencin nan da ya taɓa mayar da nasa.

Da labarin ya ƙare a nan da ban dame ku ba. Shekarar da ta biyo baya kasuwa ta hau, ta hau, kamar da gayya. Samarin ofis suna nuna wa juna saƙon waya suna tafawa, na Mudi kuwa yana nan yana jan ƙafa. Kun san zuciya. Ya fara ganin da an bar shi inda yake, da har shago ya fitar a jikin gidan, da ya haƙa rijiya. Zauren Ƙasimu ya soma dishewa a idonsa. Ka'idar kamfanin ta yarda wanda ya haura hamsin ya roƙa a mayar da shi baya, amma wata ɗaya tak ake karɓar irin wannan roƙo a shekara. Mudi ya samo fom a ɓoye ya cike, ya sa hannu. Bai gaya wa Ƙasimu ba, bai gaya wa Ɗahiru ba, don ina zai kai idonsa? Ofishin kamfanin yana babban birni, shi kuma ba ya iya barin inji.

Sai ya nufi tasha wurin na ukun, Isiyaku direba. Shekara talatin yana bin hanyar nan kullum, kuma rabin abincinsa daga saƙo yake fitowa: kuɗin ɗalibai, magani, takardun kotu, kayan lefe. Ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, shi ya sa mata suke miƙa masa ƙulli ba tare da sun ƙirga ba. Mudi ya ja shi gefe ya miƙa masa fom ɗin, ya gaya masa ko mene ne, ya roƙe shi ya rufa masa asiri. Isiyaku ya ce, "Saura wata nawa ka fita?" Ya ce goma sha ɗaya. Ya ce, "Ni dai idan na hango gari, ɗaga ƙafa nake yi, ba ƙara wuta ba." Mudi ya ce, "Saƙo na ba ka, ba shawara na zo nema ba." Isiyaku ya karɓa, ya ce Allah ya tsare hanya.

Bai kai ba. Ƙarƙashin kujerarsa ya cusa takardar, ta yi ta zuwa birni tana dawowa har kwana talatin. Duk lokacin da Mudi ya tambaya, sai ya ce, "Kwantar da hankalinka, takardarka tana wuri mai kyau." Ranar da watan karɓa ya wuce, shi da kansa ya zaro ta ya miƙa masa, a tasha, ana lodi. Mudi, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya sama da ta injinsa ba, ya tsaya gaban fasinjoji ya kira shi maci amana. Mutane suka tambayi Isiyaku me ya faru, ya ce saƙo aka ba shi bai kai ba. Suka ce don me, ya ƙi faɗa, domin bayani yana nufin Ɗahiru da Ƙasimu su ji abin da Mudi ya so yi. Ƙungiyar direbobi ta dakatar da shi mako biyu. Masu ƙulli suka koma wata motar. Mudi ya ɗaura gaba da shi, har ɗaurin auren 'yar Isiyaku bai je ba, yarinyar da aka raine ta a tsakar gidan Mudi. Wannan ya yi wa Isiyaku ciwo fiye da komai, na ga idonsa ranar yana ta duban hanya. Amma kada ku yi saurin wanke shi. Amana aka ba shi, ya karɓa da hannu biyu, ya yanke wa baligi hukunci a kan dukiyar da ba tasa ba. Bai san gaibu ba. Da kasuwa ta ci gaba da hawa, da me za mu kira shi yau?

Saura wata huɗu Mudi ya fita, kasuwa ta karye. Samarin ofis suka yi tsaki suka mayar da wayoyinsu aljihu, kuma suna da gaskiya, don su suna da shekarun jira, na ji ma an ce ta fara miƙewa. Amma wanda zai fita a shekarar ba shi da wannan jiran. Na Mudi ko gezau bai yi ba, tsohon jakin nan ya kawo kaya gida. Ya karɓi kasonsa, ya yi rufi, ya sa ƙofofi da tagogi, ya kori awaki, ya miƙa makullin kwatas tun wa'adi bai cika ba. Babu shago, babu rijiya, amma gida ne, kuma nasa ne.

Abin da ya sa nake ganin girmansa shi ne, kafin ya tare sai da ya je tasha, daidai lokacin lodi, ya cire hula ya faɗi komai da bakinsa, ya nemi gafarar Isiyaku a gaban mutane, a inda ya zage shi. Ta haka sauran biyun suka ji. Ƙasimu ya girgiza kai kawai. Ɗahiru kuwa ya ce, "Ashe shekaruna biyar ka so ka kai kasuwa, Mudi." Mudi ya yi kuka, dattijo da shi. Sun shirya daga baya, dukansu huɗu, a tabarma ɗaya suka ci abincin tarewa. Sai dai abin da ya tafi ya tafi. Ƙasimu yana nan a zauren surukinsa kuma kowa ya sani, Ɗahiru zai fita da sauran yara a gabansa, Isiyaku har yau akwai matan da ba su dawo masa da ƙullinsu ba.

Kwana biyar da suka wuce matar Nafi'u, babban ɗan Mudi, ta haifi namiji, jinjirin farko da ya yi kuka a ƙarƙashin rufin nan. Nafi'u ya zo ya durƙusa ya ce sunan Baba zai sa. Mudi ya ce a'a. Ya ce shi sau biyu ya nemi ya rushe gidan nan, sau ɗaya da rashin sani, sau ɗaya da sani, don haka bai cancanci ya zama na farko da za a kira a cikinsa ba. Ba shi da abin da zai biya mutanen nan uku, kuma ko yana da shi ba za su karɓa ba. Abin da ya rage masa mai daraja shi ne takwara. Sai dai jaririn ɗaya ne, sunan yanka kuma ɗaya ne. Jiya bayan la'asar ya same ni ya ce in fitar da shi, na ce ya ba ni kwana biyu, zan je inda tsofaffi suke zaune ba su da aikin yi.

Kada wani ya ce min a jira sauran jikoki, kowa ya samu nasa. Na faɗa masa haka, ya ce shi wannan ya gani, bai san ko zai ga na gaba ba, kuma duk wanda aka ba na farko, sauran biyun sun ji hukunci. Kada kuma ku ce a tambaye su, don kowannensu ɗan'uwansa zai nuna. Ba don Ƙasimu ya kai shi zauren nan ba, da Mudi yana nan yana fifita da takarda har kasuwa ta faɗo masa. Ba don Ɗahiru ya kawo shafin ba, da saninsa bai amfane shi da komai ba, yana ji yana gani. Isiyaku kuwa, da ya yi abin da aka san shi da shi, ya kai saƙo, da kunyar Ƙasimu da shekarun Ɗahiru sun tafi a banza. Ɗaya ya ba da mutuncinsa, ɗaya ya ba da abincin 'ya'yansa, ɗaya ya ba da sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa, ta hanyar da har yanzu ban san ko in yaba ko in tsawatar ba.

Ga shi can sun ce na'ura ta tashi, amma babu mai dangwala yatsa sai ya ba ni amsa. Jibi liman zai karkato kunnensa, ya jira. To, ku gaya min, sunan wa Mudi zai raɗa masa: Ƙasimu, Ɗahiru, ko Isiyaku?